Fitilar Rana a Motar Shiga Daji: Sai da Muka Lalata Saiti Ɗaya Kafin Mu Gane Aikin

Waɗanda suka kalli bidiyonmu na wannan makon sun ga yadda muka ɗaura wa wata tsohuwar Suzuki Jimny fitilar rana cikin minti goma sha huɗu. Gaskiyar magana, wata biyar aikin ya ɗauke mu, kuma sau biyu muka yi shi. Abin da aka yanke a bidiyon shi na kawo muku nan: dalilin da ya sa muka fara, kuskuren da na tafka da hannuna, da lissafin da ya kamata mutum ya yi kafin ya taɓa waya ko ɗaya.

Motar ta wani abokina ce ɗan zangon Kumasi. Yana aikin kwangilar gyaran turakun sadarwar waya a tsakiyar Wales, ni kuma ina Birmingham ina fama da digiri na biyu a injiniyancin lantarki. Yawancin turakun da ake tura shi suna kan tudu ne, a ƙarshen hanyar gona, shi ya sa ya sayi Jimny ƙirar 2007. 'Yar ƙarama ce, inji lita 1.3, amma tana hawa inda manyan motoci ke jin tsoro.

A watan Nuwamban da ya wuce, wajen ƙarfe biyu na rana, ana yayyafi, yana gangarowa ta wata siririyar hanya, irin wadda shingen ciyayi ya rufe hagu da dama, mota ɗaya tak take ɗauka. Sai ga wani manomi ya fito da tarakta daga ƙofar gona. Mutumina ya taka birki, motar ta zame a taɓo, ta tsaya tsakaninta da tayar taraktar bai kai taku biyu ba. Manomin ya sauko yana ta ba da haƙuri, ya ce ya duba hanya sosai, bai ga komai ba. Abokina bai yi musu da shi ba. Motarsa koriya ce mai duhu, ta sha taɓo, gari ya lumshe, launinta da na shingen ba su da maraba.

Da daddare ya kira ni. "Injiniya, yau dai karatun nan naka zai yi rana. Fitilun nan da sababbin motoci ke kunnawa da rana nake so."

Fitila ce don a gan ka

Mu a gida, idan ka kunna fitilar mota da rana tsaka, kafin ka yi nisa wani zai ɗaga maka hannu: "Malam, fitilarka a kunne take!" Mun saba fitila ta dare ce, aikinta ta haska maka hanya. Fitilar rana, wadda ake taƙaita sunanta da DRL, aikinta daban ne. Ba ta haska maka komai. Na gabanka take yi wa aiki: mai fitowa daga kwana, mai shirin wuce wata mota ya shigo hannunka, mai tsallaka titi a ƙafa.

Idon ɗan Adam da bambanci yake gane abu. Farar mota a kan baƙar kwalta tana fitowa fili. Koriya a gindin shinge, ko mai ruwan toka a ranar hadari, sajewa take yi da abin da ke bayanta. Fararen fitilu biyu masu kallon gaba suna karya wannan sajewar, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana taimaka wa mai kallo ya ƙiyasta faɗin abin da ke tahowa da nisansa.

Ƙasashen arewacin Turai ne suka fara, saboda lokacin sanyi rana ba ta yin sama sosai a can, yini guda gari kamar magariba. Finland ta fara tilasta kunna fitila da rana a hanyoyin karkara lokacin sanyi a 1972. Suwidin ta mai da shi doka a duk shekara a 1977. Kanada ta wajabta wa sababbin motoci tun Disambar 1989. Tarayyar Turai ta ce daga 7 ga Fabrairun 2011 duk sabon samfurin ƙaramar mota sai da fitilar rana, manyan motoci da bas-bas suka biyo baya a Agustan 2012. A Amurka an yarda da ita amma ba dole ba ce. Ba kowa ne ya gamsu ba: Ostiriya ta gwada dokar kunna fitila da rana, ta soke ta a farkon 2008, kuma masu babura sun daɗe suna ƙorafin cewa idan kowa ya kunna, su da suka dogara da fitila don a gan su sai su ɓace cikin taro.

Motar abokina ta fito kafin dokar 2011, don haka ba ta zo da ita ba. Abu na farko da na faɗa masa, kuma nake faɗa muku: akwai mafita ta kyauta. Ka kunna dim ɗinka duk lokacin da ka tada mota. Yana aiki, har ma ya fi ta wani fannin, tunda fitilun baya ma suna kamawa. Illarsa uku ce. Ƙwan H4 guda biyu suna jan wat 110 a dim, idan ka haɗa da na fakin, na baya da na lamba ka haura wat 130. Na biyu, an tsara dim ya kalli ƙasa don kada ya kashe wa na gaba ido, ke nan da rana ba duk haskensa ke isa inda ake so ba. Na uku shi ne ɗan Adam: yau ka manta ba ka kunna ba, gobe ka manta ba ka kashe ba, ka dawo ka tarar batir ya mutu a kan tudun da babu kowa sai tumaki. Wannan na ukun ya taɓa samun abokina, shi ya sa ya dage.

Ba doguwar fitilar rufi ba ce

Duk mai motar daji yana da rauni ɗaya: yana son haske mai yawa. Abokina ma da farko cewa ya yi me zai hana mu sa doguwar fitilar LED ɗin nan da ake ɗaurawa a rufi, ya riƙa kunna ta da rana. Na ce a'a, kuma ga dalili.

Akwai ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 87, wadda Turai da Birtaniya ke bi, da ta fayyace mece ce fitilar rana. Ƙarfin haskenta kai tsaye a gaba kada ya gaza kandela 400, kuma ta kowace kusurwa kada ya wuce kandela 1,200. Faɗin fuskar da ke haskawa tsakanin murabba'in santimita 25 zuwa 200. Launi fari. Doguwar fitilar daji kuwa an yi ta ne don ta harba haske ɗaruruwan mita cikin duhu, ƙarfinta ya ninka wancan iyaka sau da yawa. Idan ka kunna ta a siririyar hanya, manomin zai gan ka, amma ba zai ga mai keken da ke gefenka ba.

Yadda za ka gane ta gaskiya: duba gilashinta ko bayanta. Za ka ga harafin E da lamba a cikin da'ira, misali E1 na Jamus, E4 na Holan, E11 na Birtaniya, sannan kusa da shi haruffa biyu, RL. Idan E kaɗai ka gani babu RL, ƙila an amince da ita ne a matsayin wata fitilar daban, kamar ta fakin ko ta hazo. Kuma kada ka ruɗu da lumen dubu kaza da ake rubutawa a kwali. Lumen jimillar hasken da ke fita ne ta ko'ina, kandela kuwa ƙarfinsa ne ta fuska guda. A fitilar rana kandela ake dubawa.

Wani zai ce ai a daji babu doka. A nan Ingila da Wales ba haka ba ne. Hanyoyin turɓaya da ake barin mota ta bi, waɗanda masu sha'awar abin ke kira koren hanyoyi, a doka titin gwamnati ne. Sai da inshora, haraji da takardar MOT, kuma duk dokar fitila ta babban titi tana aiki a kansu.

Araha ba ta ado

Duk wannan na sani tun farko. Amma ɗalibi ne ni, aljihu ya fi ilimi ƙarfin murya. Na shiga wata kasuwar intanet na sayi siraran fitilu biyu masu kama da igiya, fam 9, da wani ɗan akwati da aka ce shi ke kunna su da kansa. Babu E, babu RL, sai dai an rubuta IP67 ɓaro-ɓaro a kwalin. Muka manna su a ƙasan bamba da gam ɗin da suka zo da shi, muka maƙala wayoyin da 'yan maƙalan nan na roba masu huda waya, muka naɗe da salatif. Awa ɗaya mun gama, har da hoto.

Ɗan akwatin nan ƙarfin wutar batir yake saurare. Cikakken batir a zaune yana ba da kusan volt 12.6. Idan inji ya tashi, altaneta na ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Akwatin idan ya ga wuta ta haura 13 da ɗoriya sai ya ɗauka inji na aiki, ya kunna. Dabarar tana da kyau a takarda. A cikin sanyin Disamba kuwa, inji na silo, hita na aiki, waifa na aiki, gilashin baya na ɗumama, wutar ta riƙa sauka ƙasa da iyakar, fitilun suna ƙyaftawa kamar na gidan biki. Bayan doguwar tafiya kuma, ka kashe mota ka zare makulli, fitilu na nan a kunne na wasu mintuna, saboda batir bai sauko daga cajin da ya sha ba. Masu sababbin motoci, ku lura: da yawansu suna da altaneta da kwamfutar mota ke rage wa aiki da gangan don tsimin mai, wuta na iya sauka kusa da volt 12 kana tsaka da gudu. Irin wannan akwatin zai kashe maka fitila a kan titi.

Ƙarshen saitin ya zo a watan Maris. Muka je Strata Florida, sananniyar hanyar daji a tsakiyar Wales wadda ke tsallake ruwa sau da yawa. Ruwan bai yi zurfi ba a ranar, iyakarsa bamba. Muna fitowa daga mashigi na uku, ta hagu ta mutu. Da muka tsaya, ta dama tana lilo, gam ya saki. Bayan mako biyu na buɗe salatif ɗin, maƙalan sun yi kore, tagullar ta fara ruɓewa, kuma wayar da na huda ta fitilar fakin ce ta ainihin motar. Wato na je gyara na jawo ɓarna. Laifin nan nawa ne, ba na kowa ba.

Ga abin da IP67 ke nufi idan da gaske ne: 6 ɗin, ƙura ba ta shiga sam. 7 ɗin, abin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Amma gwajin a ruwa mai kwanciya ake yi. Fitilar da ta yi zafi ta faɗa ruwan sanyi, iskar cikinta na tsukewa nan take, sai ta zuƙo ruwa ta inda waya ta shiga. Shi ya sa masu kyau suke da ɗan hancin numfashi a baya, mai barin iska ta wuce ya hana ruwa. Idan kuma kana wanke taɓo da injin feshi mai ƙarfi, nemi mai IP69K, wadda aka gwada da ruwan zafi mai matsi.

Inda za ta zauna

Karo na biyu muka sayi masu jikin alminiyam, zagayayyu, da E da RL a gilashi, wat 6 kowace. Sun ci kusan fam 60. Kafin mu huda komai muka ɗauko tef na awo, domin ƙa'ida mai lamba 48 ta faɗi inda ake sa su.

Tsayi daga ƙasa kada ya gaza milimita 250, kada ya wuce 1,500. Tazara tsakanin fitilun biyu aƙalla milimita 600, sai dai idan faɗin motar bai kai 1,300 ba, a nan an yarda da 400. Su zama biyu, a daidai tsayi ɗaya, suna kallon gaba sak. Ba a sunkuyar da su kamar fitilar hazo. Idan kuma tsakanin fitilar rana da sigina bai wuce milimita 40 ba, dole ta mutu ko ta rage haske duk lokacin da siginar wannan ɓangaren ke aiki, don kada ta danne ta. Mu dai muka kauce wa wannan rigimar, muka ba su tazara mai kyau.

A motar gari yawanci ƙasan bamba ake sa su. A motar daji nan ne wuri mafi muni: shi ke fara shiga ruwa, shi ke fara cin dutse, shi taɓo ke fara rufewa. Fitilar da taɓo ya rufe daidai take da babu. Muka ɗaga namu zuwa saman bamba, kusan santimita 70 daga ƙasa, a kan ƙananan ƙarafa da muka ɗaure da noti mai roba a ciki, irin wanda girgiza ba ta kwance shi. Gam da hanyar gargada ba sa shiri. Ka kuma tabbata ba ka toshe wa lagireto iska ba, ba ka rufe wurin ɗaura igiyar ja ba. Wanda ya ɗaga motarsa ko ya sa manyan tayoyi, ya yi awonsa bayan ɗagawar. Rufin mota kuwa ya wuce mita ɗaya da rabi a kusan kowace motar daji, don haka can ba wurinta ba ne.

Wayoyi: nan ne ainihin aikin

Abu biyu ake so fitilar rana ta yi ba tare da direba ya taɓa komai ba. Ta kama idan an tada mota. Ta mutu idan an kunna fitilun dare. Na biyun ya fi muhimmanci, domin kandela 400 da ba ta damun kowa da rana, da daddare kashe ido take yi, tunda ba ta da layin da ke yanke haske daga sama irin na dim.

Rile ɗaya mai ƙafa biyar ya isa. Idan ka juya shi za ka ga lambobi: 30, 85, 86, 87 da 87a. Ƙafa 85 da 86 su ne na naɗin da ke jan makunnin ciki. Idan babu wuta a naɗin, 30 a haɗe take da 87a. Idan wuta ta zo, sai ta saki 87a ta koma 87. Mu wannan sakin muke so.

Ƙafa 30 muka kai ta akwatin fis, muka ɗauki wuta daga layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. Ba matakin farko na rediyo ba, in ba haka ba duk lokacin da ka zauna jin waƙa fitila na ci. Akwai ɗan abin da ake sokawa a gurbin fis, mai ɗaukar fis biyu, na asali da sabo, ba sai ka yanke waya ba. Ƙafa 87a ta tafi fozitif na fitilun biyu. Ƙafa 86 ta tafi fozitif na fitilar fakin. Ƙafa 85 da nagetif na fitilun suka tafi jikin mota, a kan noti mai tsabta da muka kankare wa fenti da tsatsa. Ƙafa 87 ba a sa mata komai, a rufe ta kawai.

Ka ga yadda abin ke tafiya: ka murɗa makulli, wuta ta bi 30 zuwa 87a, fitilar rana ta kama. Ka kunna fakin ko dim, naɗin ya ja, fitilar rana ta mutu. Ka yi wa wani filashin da rana, ba abin da ya shafe ta, domin filashin ba ya kunna fakin.

Me ya sa fakin, ba wayar babbar fitila ba? Tsofaffin motocin Japan da yawa, har da wasu Hilux da Land Cruiser da muka sani, ta ɓangaren nagetif makunninsu ke yanke babbar fitila. Za ka sa mita a soket ka ga volt 12 alhali fitila a kashe take. Wanda bai sani ba ya haɗa rile a nan, abin ya riƙa yi masa aiki a juye. Ba lalacewa ba ce, tsarin ne haka. Ko a wayar fakin ɗin ma kada ka yarda da launi. Sa mita: sifili idan a kashe, 12 idan a kunne. Ka gwada sau biyu.

Lissafin fis ba wuya. Wat 6 sau biyu, 12. Raba da volt 14, ka samu ƙasa kaɗan da amp ɗaya. Fis mai amp 3 ya wadatar, da waya mai kaurin murabba'in milimita ɗaya. Fis waya yake karewa, ba fitila ba, shi ya sa ake sa shi a farkon layi, kusa da inda aka ɗauko wuta. Wanda ya sa fis na amp 20 a kan siririyar waya, ranar da ta gogi ƙarfe wayar ce za ta zama fis, kuma a cikin inji za ta ƙone.

Sauran ƙa'idojin da na koya da tsada: cire kan nagetif na batir kafin ka fara. Kada ka ɗauki wuta daga fis na birkin ABS, na kwamfutar inji ko na jakar iska, kuma duk soket ko waya mai rigar rawaya ka bar ta, yawanci ta jakar iska ce. Kowane haɗi a matse shi da abin matse waya, a rufe da robar nan mai gam a ciki da ke tsukewa idan ta ji zafi. Wayoyi su bi cikin bututun roba, a ɗaure su duk bayan taƙi ɗaya, nesa da salansa, fanka da bel. Rile ya zauna a sama, ƙafafunsa na kallon ƙasa don ruwa ya zube. Wayar da na huda a karon farko sai da muka yanke ruɓaɓɓen wurin muka yi mata sabon haɗi.

Idan motarka ta zamani ce, wadda kwamfuta ke sarrafa fitilunta, ka dakata. Wasu ba sa aika wa fitilar fakin wuta miƙaƙƙiya, datsa ta suke yi da sauri, sai ka ji rile na ƙugi, ko dashbod ya nuna maka ƙwai ya mutu. Wasu kuma suna da tsarin fitilar rana a cikin kwamfutarsu, kunna shi kawai ake yi da na'ura. Wannan aikin mai gyaran wayar mota ne, wanda a gida muke ce wa riwaya. Biyan sa ya fi sauƙi a kan sayen sabuwar kwamfutar mota.

Tarkon da ke bayanka

Wannan sashen shi na fi so ku riƙe. A yawancin motoci, fitilar rana gaba kawai take haskawa. Bayanka duhu ne. Magariba ta yi, direba na ganin ɗan haske a gabansa, dashbod ɗinsa na zamani na haske tun safe, sai ya ɗauka fitilunsa a kunne suke. Ya hau babban titi, na bayansa ba ya ganin komai sai ya zo dab. Duk wanda ke tuƙi a nan ya taɓa cin karo da irinsu. Matsalar ta kai Kanada ta sake doka: daga Satumbar 2021, sabuwar mota dole ko fitilun baya su kama tare da na rana, ko fitilun dare su kunna kansu idan duhu ya yi, ko dashbod ya zauna a duhu har sai direba ya kunna.

A Birtaniya littafin dokokin hanya ya ce ka kunna babbar fitila idan ba ka iya ganin abin da ya wuce mita 100. Fitilar rana ba ta cike wannan gurbin. Masu karatunmu na Saudiyya da Sudan da suka san guguwar yashi, da duk wanda zai je gida hutu lokacin hunturu ya hau hanya cikin hazo, abin ɗaya ne: cikin ƙura, wanda ya fi zama haɗari gare ka shi ne na bayanka. Kunna dim. Haka idan kuna tafiya a jere a hanyar turɓaya, ƙurar motarka na rufe ka, jan fitilar baya ce kaɗai ke gaya wa na biye inda kake.

Tsohuwar Jimny ta taimaka mana a nan, domin agogunanta ba sa haske sai an kunna fakin. Idan mutumina ya kasa karanta gudunsa, ya san lokaci ya yi.

Takardu

A nan Birtaniya, duk canjin da ka yi wa mota ka sanar da kamfanin inshora, ko da ƙarami ne. Abokina ya kira su, suka rubuta, magana ta ƙare. Ɓoyewa ita ke zama matsala ranar da tsautsayi ya faɗa. Kowace ƙasa da nata tsarin, don haka na Amurka, Saudiyya, Ghana ko Kamaru ya duba dokar inda yake kafin ya huda bamba. Amma fari a gaba, biyu daidai da juna, su mutu da daddare, wannan ba zai sa ka rigima da kowa ba. Shuɗi da ja a gaba kuwa ka bar wa 'yan sanda da motar asibiti.

Hukuncinmu

Ya cancanci wahalar? Idan motarka ta fito kafin zamanin fitilar rana, launinta mai duhu ne, kana bin siraran hanyoyi, ƙarƙashin itatuwa ko ƙasar da rana ke rowa, e, ya cancanta. Kuɗin kaya gaba ɗaya, da rile, fis, waya da roba, bai kai fam 80 ba, aikin kuma yini ɗaya ne idan ba ka yi irin gaggawata ba. Idan ba za ka iya sayen mai RL ba, ko ba ka da mita, ko ba ka shirya yin haɗin da ruwa ba zai ci ba, ka bar motar yadda take ka riƙa kunna dim. Ya fi maka fitilar fam 9 sau goma.

Saiti na biyu yanzu ya yi wata uku. Mun koma Strata Florida da shi, mun tsallake ruwan, duka biyun suna ci. Ba zan ce muku sun hana haɗari ba, domin haɗarin da bai faru ba ba shi da shaida. Abin da abokina ya lura da shi shi ne, a siraran hanyoyin nan masu tahowa sun fara rakuɓewa tun daga nesa, ba sai an zo hanci da hanci ba. Ya kuma ƙara wa kansa ɗabi'a ɗaya: duk inda ya tsaya bayan taɓo, kafin ya duba taya, sai ya sa tsumma ya goge gilasan nan biyu.

Makon jiya ya sake bi ta gaban gonar. Ya ce manomin na bakin ƙofa a kan taraktarsa, tun daga kwana ya ɗaga masa hannu, ya jira har ya wuce.

Mai tambaya kan haɗin rile ɗin, ko wanda motarsa ta ƙi ba da haɗin kai, ya rubuto mana samfurin motar da shekararta, za mu duba tare. Mako mai zuwa in sha Allah za mu gwada ƙananan na'urorin tada mota idan batir ya mutu, mu ga wace ce ke iya tada injin dizal a cikin sanyi. Allah Ya tsare mana hanya.